Warin Fetur a Zaure

Makarfi, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka karanta takardar nan cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Ikara ko ƙaya ba ta taɓa tayarka ba. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, yayyenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga masu ciwo.

Ina rubutun nan a zaure, kai kuwa kana ƙofar gida kana wanke babur ɗin tun ɗazu, ina jin ƙarar bokiti da ɗan fiton da kake yi. Gobe da sassafe za ka hau shi ka tafi ka kama aikin da aka ba ka a ɗakin shan magani. Ka san halina. Idan na zaunar da kai, ba na wuce "ka riƙe salla, ka yi haƙuri da jama'a," sauran maganar sai ta maƙale. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Zan naɗe takardar a tsumma in sa ta cikin akwatin kayan gyara, in ce maka ka buɗe idan ka sauka.

Babur ɗin nan na saye shi ne a hannun wani Bature malamin gona da ke shirin komawa ƙasarsu, shekarar da muka sami mulkin kai. Kafin nan na daɗe ina bin rugage a keke da ƙafa ina yi wa shanu allura. Ranar da na taho da shi daga Zariya damina ta fara janyewa, dawa ta fid da kai, sama ta wanku tas. Sai na ji kamar ba ni ke tafiya ba, ƙasar ce ke gudowa tana tarye ni. Itatuwan ɗorawa su taso daga nesa, su yi girma, su wuce ta kafaɗata. Ƙauyukan da nake yi wa tafiyar yini sai ga su a jere kamar an matso da su. Har yau idan na kishingiɗa bayan azahar nakan ga hanyar nan tana zuwa, ba rami, ba ƙarar inji, iska kawai ke cika mini riga. A shekarun nan kowa gani yake komai zai yi sauri, ƙasa ta zama tamu, nesa ta matso. Ban san duk saurin nan a jikin wani ɗan abu yake rataye ba, abin da bai fi dunƙulen hannu ba, manne a bayan inji. Shi ne kafireto, inda mai da iska suke gauraya kafin su tarar da wuta. Duk wahalar da na sha a kan babur ɗin nan daga nan ta fito, ko in ce daga ni ta fito, nan ta bayyana.

Kuskurena na farko a gaban jama'a na yi shi, ranar kasuwar Makarfi, sati biyu da sayensa. Da gangan na jingine shi a bakin rumfar masu goro, inda kowa zai gani. Da na dawo daga cefane na tarar an kewaye shi, ana leƙa madubi. Ka san ɗan maɓallin nan da ke kan kofin kafireto, wanda ake dannawa don mai ya hau. Baturen ya nuna mini shi, amma bai ce na sanyin safiya ne kaɗai ba, ko kuwa ya faɗa ɗoki ya hana ni ji. Rana ta take, inji da ɗuminsa, amma na danna maɓallin har mai ya kwararo mini a yatsa, na rufe cok don iska ta ragu, na gyara zaman hulata, na taka kik. Shiru. Na sake takawa. Shiru. Sai na ƙara danna maɓallin, don a tunanina abin da ya ƙi tashi yunwa yake ji. Na yi ta takawa har rigata ta manne a bayana. Can kik ya dawo ya make ni a idon sawu, na saki ƙara. Wani mai rake ya ce, "Malam, ko a kawo masa dusa?" Kasuwa ta ɗauki dariya.

Sai ga Baba Tanko ya keto mutane. Ka san shi, mai gyaran keke a gindin rimin bakin kasuwa. Abin da ba ka sani ba, ya yi soja, kuma aikinsa a can ƙetaren teku kai saƙo ne a kan babur. Ya ce, "Malam Iliya, sauko. Sunkuya ka sunsuna nan."

Na sunsuna.

"Me ka ji?"

Na ce, "Fetur, Baba."

Ya ce, "To ka toshe masa hanci, kana ɗura masa a baki, kuma kana son ya yi magana? Ai ka shaƙe shi."

Ya rufe famfon mai, ya kwance fulogi, ya nuna mini bakinsa a jiƙe sharkaf. Ya goge shi da tsumma, ya hure, ya ajiye a rana. Ya buɗe cok, ya murɗe totur har ƙarshe, ya taka kik sau biyar ba fulogi don man da ya taru ya fita. Da ya mayar, taku ɗaya ya yi, inji ya kama.

Saboda haka, Salisu, idan ka taka sau uku bai tashi ba, sauke ƙafarka. Ta gama nata, saura hanci da ido. Kwance fulogi ka duba. Idan ya fito a jiƙe, ko mai ya yi yawa ko wuta ba ta zuwa. Ka mayar masa da wayarsa, ka jingina shi jikin inji, ka taka, ka ga ko tartsatsi shuɗi zai tashi. Idan ya fito a bushe, mai ne bai iso ba, sai ka bi sawunsa tun daga tanki. Cok da maɓalli na safiya ne, inji mai ɗumi ba ya son su. Idan kuma mutane suka taru suna kallonka, kada ka bar idonsu ya tuƙa ka. Ni kallon nan ne ya hana ni tsayawa in yi tunani.

Na biyu a hanyar Kudan ya same ni, lokacin matsar rake. Na tashi daga zazzaɓi ke nan, babur ya yi sati a zaure ba wanda ya taɓa shi. Ya tashi lafiya, muka yi tafiya kamar mil biyu, sai ya yi tari ya mutu. Na ɗan tsaya, na taka, ya tashi. Mil guda, ya sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har na iso wata fadama inda ake dafa mazarƙwaila. Na taɓa ganin Baba Tanko yana kwance kafireto sau biyu, don haka na ɗauka na ƙware. Na zauna a kan yashin bakin hanya na wargaza shi kaf. Na ciro jet, 'yar ƙusar nan mai ƙaramin rami da mai ke bi, na ɗaga shi sama ban ga komai a ciki ba, amma duk da haka na zaro allurar ɗinki daga hulata na yi ta sakace shi. Ina cikin haka wani ɗan maƙale da ke riƙe allurar kafireto ya fizge daga yatsana ya faɗa yashi.

Yinin nan ban manta shi ba, kuma abin mamaki ba da ɓacin rai nake tuna shi ba. Na durƙusa ina tace yashi da yatsu. A gefena doki yana zagaya injin matsa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, idonsa a lumshe. Tururin ruwan rake yana tashi daga manyan kasake yana ratsa hasken rana, ƙamshinsa ya cika fadamar har kaina ya yi nauyi. Ganyen rake yana ta raɗa. Na ji kamar an daɗe da ajiye ni a wurin, kamar zan tsufa ina tace yashin nan dokin yana zagayawa. Sai da la'asar ta yi na ji ɗan ƙarfen ya soki yatsana. Na haɗa komai, na taka, ya tashi. Mil guda, ya mutu.

Washegari na tura shi wurin Baba Tanko na ba shi labari. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya tayar da shi, ya bar shi yana aiki har ya fara tari, sai ya murɗe murfin tanki. Muka ji ya ja iska, fuu, nan take inji ya miƙe. Ya ɗaga murfin ya nuna mini wata 'yar ƙofa a tsakiyarsa, an liƙe ta da laka. Zanzaro ne ya yi gininsa a satin da na kwanta. Ya karyo tsinken tsintsiya ya zungure, ya ce, "Tanki ma numfashi yake yi. Idan iska ba ta shiga ta sama, mai ba ya sauka ta ƙasa." Da ya duba jet ɗin kuwa sai ya girgiza kai. Na faɗaɗa ramin da allurata. Wata guda babur yana zuƙar mai yana fitar da baƙin hayaƙi kafin wani direban lori ya samo mini sabo a Kano.

Don haka ka fara da abin da ke waje, wanda ba ya bukatar sifana. Akwai mai a tanki? Famfo a buɗe yake? Murfi yana numfashi? Ka zare tiyo daga kafireto ka ga ko mai yana zubowa sosai ko ɗiga yake. Da damina ka kwance ƙasan kofin ka zubar da abin da ya kwanta, don ruwa ya fi mai nauyi, can yake taruwa. Kullum ka tace mai da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki. Sai duk wannan ya wuce sannan ka buɗe ciki, kuma ka shimfiɗa ƙyalle, ka jera kowane abu yadda ka ciro shi. Jet hure shi ake yi, kada ƙarfe ya shiga raminsa. Ina jin a aikinka ma za ka haɗu da irin wannan. Mutum zai zo da ciwon kai, kai kana tunanin manyan cututtukan da ka karanta a makaranta, alhali tun jiya bai sha ruwa ba. Ka tambaye shi tukuna.

Na uku shi ne wanda alƙalamina ke ta kewayewa tun ɗazu.

Bazara ce, shekara ta biyu da sayen babur. Aka ji labarin bushiya, ciwon nan da ke share garke, ta ɓullo a wasu wurare, aka ce mu yi wa shanu rigakafi. Maganin daga Zariya yake zuwa a lori, cikin babban fulas cike da ƙanƙara. An gaya mana, an kuma maimaita: idan ya yi ɗumi ya mutu, ruwa ne kawai. Duk saniyar da aka yi wa kuma sai a huda mata kunne, shaidar ta tsira.

A dajin da ke bayan Kurmin Kogi akwai wani dattijo, Ardo Buba, mai garke babba. Bai taɓa yarda allura ta taɓa shanunsa ba. Shekara biyu ina zuwa rugarsa, in sha nono, mu yi hira, in tafi. A wannan karon ya ce, "Malam, ban san maganinku ba, amma na san ka. Ka zo ranar Talata da safe, zan tsare maka su."

Ranar Litinin da yamma na cika tanki, na shigar da babur zaure, ban rufe famfo ba. Da asuba mahaifiyarka ta fito shara kamar yadda ta saba kafin mutane su fara wucewa. Ta ce, "Malam, zauren nan yana warin fetur."

Na ce, "Babur ne a ciki, turaren wuta kike son ji?"

Ta ce, "Da ba haka yake yi ba. Kwana uku ke nan ina tarar da ƙasa a jiƙe ƙarƙashinsa, yau har ta fi."

Na ce, "Ke dai kawo koko, ana jirana. In na dawo na duba."

Ta kawo. Ko murfin tanki ban buɗe na leƙa ba. Na ɗaure fulas a baya na kama hanya.

Safiyar tana da kyau, Salisu. Bishiyoyi sun fara sabon ganye, balbelu suna tafiya a jere a sama, ƙanƙara tana ƙwanƙwasa jikin fulas a bayana, ƙwas, ƙwas. Da na wuce Ikara na ji warin ya ƙaru. Na duba, takalmina na dama ya yi duhu da danshi. Na ce a raina in na ƙara wuta zan isa kafin abin ya yi yawa. Da na bar babbar hanya na shiga daji sosai, inji ya yi tari ya mutu. Na juya famfo kan ɗan man ajiya, ya kai ni gaba kaɗan, ya mutu gaba ɗaya. Na leƙa tanki, na ga ƙasansa a bushe.

A cikin kofin kafireto akwai ɗan gwangwanin tagulla mai iyo a kan mai, makanikai suna ce masa fulot. Idan kofi ya cika sai ya taso ya tura wata allura ta toshe hanyar mai. Na ciro shi na girgiza a kunnena, na ji cakal-cakal. Ya tsage, ya sha mai, ya nutse, ƙofa ta zauna a buɗe. Rabin tankin ƙasar zaurenmu ta shanye shi kafin gari ya waye, sauran na yayyafa wa hanya.

A nan na yi kuskure a kan kuskure. Da na jingine babur a gindin wata bishiya na ɗora fulas a ka, da na isa rugar kafin azahar da sauran ƙanƙara. Na kasa barinsa. Na tsaya ina kallonsa, na ce wani zai ɗauke, ko a kwance masa fitila. Sai na kama shi ina turawa cikin yashi. Rana ta tsaya a tsakiyar ka. Kawalwalniya tana rawa a gabana kamar tafki, in matsa ta matsa. Har na riƙa ganin kamar shanu farare suna tsaye a cikin ruwan suna jirana. Ban san sa'ad da sautin bayana ya canza ba. Na dai farga ƙwas-ƙwas ɗin nan ya daina, sai motsin ruwa.

Bayan la'asar na isa. Ardo ya tsare shanun tun safe ba kiwo, suna ta kuka. Ya tarye ni da hannu biyu, ya ce, "Sannu, Malam, sannu. Dubi yadda ka wahala saboda mu." Aka kawo mini fura. Na zaga bayan bukka na buɗe fulas, na tsoma yatsa. Ruwan kamar na wanka. Na tuna shekara biyun da na yi ina lallashinsa, na tuna abin da zan faɗa a ofis. Na ce wa kaina wataƙila da sauran rai a maganin. Na zubar da ruwan a gindin bukka, na haɗa magani, na yi wa shanun allura ɗaya bayan ɗaya, na huda kunnuwansu. Ardo yana riƙe mini ƙaho yana sa mini albarka.

Da na dawo gida, Baba Tanko ya tafasa ruwa, ya sauke shi nesa da wuta, ya tsoma fulot ɗin. Muka ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga wata tsaga siririya kamar gashi. Ya bar man ciki ya fice, ya bushe, ya kai wa mai gyaran fitila ya liƙe da ɗigon dalma. Duk aikin bai kai tsawon cin tuwo ba.

To ka ji yadda ake bin yoyo. Duk inda ka tsaya ka rufe famfo, ko da gaisuwa za ka yi. Ka riƙa ajiye shi a kan busasshiyar ƙasa, da safe ka duba ƙarƙashinsa kafin ka duba madubi. In ka ga danshi, goge ko'ina da tsumma, ka buɗe famfo, ka bi da yatsa daga sama: gindin famfo, tiyo, mahaɗar da ke da wosha, wato ɗan zoben nan mai hana yoyo, sannan kofi. Wosha in ta tsufa canza ta ake yi, na sa maka guda huɗu a gwangwanin ashana. Kada ka ce za ka ɗaure da ƙarfi ya daina, ƙarfen kafireto laushi gare shi, zarensa zai cinye. In kuwa ta saman kofi yake ambaliya, ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba, wataƙila tsakuwa ce ta tokare allura. In bai daina ba, ciro fulot ka girgiza a kunnenka. Kada ka taɓa neman yoyo da ashana ko fitilar ƙwai. Kuma in wanda ke share wurin ya ce maka ya ga abin da da babu, ka ajiye kofin kokonka ka je ka gani.

Da ruwa ya sauka, bushiya ta iso dajin Kurmin Kogi. Waɗanda ba a yi wa shanunsu allura ba suka kwashe suka yi nisa. Ardo Buba ya zauna, yana shayar da nasa a kogi ɗaya da kowa, saboda hudar da ke kunnuwansu. Ni aka tura in duba. Tun daga nesa na ga ungulaye. Rugar ta yi tsit. Dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, yana kwance a ƙasa ba ko ɗaya a jikinsa. Fiye da rabin garken ya tafi. Ardo yana zaune a kan buzu. Ya ce, "Daga Allah ne, Malam. Kai ka yi naka." Na ce, "Allah Ya mayar da alheri." Na hau babur na dawo. Ranar taku ɗaya ya tashi.

Shekara guda na yi da abin a cikina. Nakan yi mafarkin shanu farare suna shigowa zaurenmu a hankali, ba kuka, kowace ta juyo mini da kunnenta ta wuce. Daga ƙarshe na faɗa wa shugabana a ofis, na sha faɗan da ya kamace ni. Wannan mai sauƙi ne. Sannan na tafi rugar.

Na gaya wa Ardo komai, tun daga maganar mahaifiyarka. Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Can ya ce, "Na ga ka zubar da ruwa a bayan bukka. Na ɗauka haka aikin yake." Sannan ya ce, "Malam, da ka ce mini maganin ya mutu, da zakara zan yanka maka, ka kwana, ka koma ka kawo wani. Me ka ɗauke ni?"



Ya ce, "Nawa na yafe. Amma akwai Fure a cikinsu, saniyar da uwar Adama ta bar mata kafin ta rasu. Wannan ba ni da bakin yafe ta. Sai ka tambayi Adama."

Adama 'yarsa ce. Ardo ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Ita kuwa tana aure a wajen Dandamisa, kuma duk ranar kasuwa tana kawo nono Makarfi. Ka sha tambayata me ya sa nake tsallake masu nono biyar in je wurin mace ɗaya. Shekara uku ina tsugunawa gaban ƙwaryarta, in buɗe baki, in ce, "Zuba na sisi." Kasuwar da ta wuce, da na san tafiyarka ta tabbata, na tsuguna na faɗa mata. Na ce zan ba ta karsana.

Ba ta ɗago ba, tana ta juya ludayi. Ta ce, "Baffa ya gaya mini tun kafin ya rasu. Ina jira ne in ga ranar da za ka faɗa. Karsana in ka kawo zan karɓa, amma ba za ta zama Fure ba." Sai ta ce, "An ce ɗanka zai tafi aikin asibiti. Shi ma allura zai riƙa yi?"

Na ce, "Ita zai yi."

"Wa mutane?"

"Wa mutane."

"Ka gaya masa?"

Na ce, "A'a."

Ta miƙo mini ƙwaryar nono ta ce, "To je ka gaya masa, Malam. In ya ji, ka dawo, sai in yafe."

Ga shi na gaya maka, Salisu. Za a wayi gari wata rana magani ya lalace a hannunka, ko ka makara, ko ka rasa gane ciwo, ga mutane sun yi layi tun safe suna sa maka albarka. Ranar nan ka buɗe baki ka ce, "Wannan ba zai yi ba, ku yi haƙuri, ku dawo." Za ka ji kunya ta yini ɗaya. In kuma wata rana ya zama sai ka zaɓa tsakanin babur ɗin nan da abin da ka ɗauko a bayansa, jingine shi a gindin bishiya ka tafi da ƙafa. Ko an sace shi ba zan tambaye ka ba.

In ka gama karantawa, ka rubuto mini ko layi ɗaya ne, ka ce ka ji. Ka ba direban lorin da ke zuwa kasuwa. Zan kai mata in karanta a gabanta.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin gaggawa. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Iliya, malamin dabbobi.